Yadda Muka Nemo Wa Jita Murya

 Mu ne 'yan kulob ɗin kiɗa, waɗanda kuke jin ƙararmu daga ɗakin taro duk ranar Talata da Alhamis bayan an tashi. Tun da aka dawo daga hutun rabin zango tambayoyi suka yi mana yawa a kan ɗan koren akwatin nan da muke ajiyewa a ƙasa muna takawa. Wasu sun ce rediyo ne, wai waƙa aka ɗura a ciki, mu kuma motsa yatsu kawai muke yi don a ce mun iya. Wasu sun ce cajar waya ce. Wani ɗan aji ɗaya ma tambayarmu ya yi ko mitar wuta ce. Shi ya sa muka roƙi 'yan kulob ɗin jarida su ba mu fili a wannan bango mu yi bayani. Da kuɗin tararmu aka sayi akwatin, don haka ya kamata a san inda kuɗin ya shiga. Sannan akwai wata magana a ƙarshe da muke so kowa ya ji.

Abin ya samo asali ne a zangon farko, lokacin da aka turo mana ɗan bautar ƙasa mai koyar da darasin al'adu da fasaha, wanda kowa yake kira Kofa. Ya zo da jitarsa ta lantarki da wata 'yar amfilifaya da ba ta fi jarkar lita goma girma ba. Mu goma sha huɗu muka rubuta suna, maza tara, mata biyar, yawancinmu 'yan aji biyu. Babu wanda ya taɓa riƙe jita a cikinmu. Da yake jitar ɗaya ce, layi muke bi, kowa minti biyar. Waɗanda layi bai zo kansu ba suna riƙe da guntun katako da aka zana wa layuka shida, suna koyon ɗora yatsu a kai.

Kafin ƙarshen zangon, mutum uku a cikinmu sun iya fitar da taken makaranta daga farko har ƙarshe. Sai muka yi ƙarfin hali muka je wurin shugaban makaranta, muka roƙe shi ya sa mu a cikin shirin ranar rabon kyaututtuka ta ƙarshen shekara. Ya zo ɗakin taro da kansa, ya zauna ya saurara har muka gama. Sannan ya ce, "Yarana, kun yi ƙoƙari. Amma taken makaranta rera shi ake yi. Wannan naku kamar ɗigar ruwa ne daga indararo a cikin kwano. In kun sa shi ya ja numfashi kafin zango na biyu ya ƙare, zan ba ku minti biyar. In ba haka ba, 'yan fareti da gangarsu sun ishe mu."

Gaskiya ya faɗa. Taken makarantarmu yana da wuraren da ake jan murya, musamman a ƙarshen kowane layi. Ita kuwa jita, da an taɓa tsirkiya sai ta ce tan, da ƙarfi, nan take kuma ta fara mutuwa. Kafin masu rerawa su kai rabin jan da suke yi, ita ta yi shiru ta bar su.

Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga ai kayan kiɗanmu masu tsirkiya ma gida biyu ne. Akwai waɗanda ake taɓawa da yatsa ko da wani ɗan abu, irin su garaya da molo da gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Sautinsu gajere ne, shi ya sa makaɗin yake maimaita taɓawa da sauri don kada a bar gurbi. Akwai kuma goge da kukuma, waɗanda ake gogawa da izga. Muddin izgar tana tafiya a kan tsirkiya, sautin ba ya yankewa. Duk wanda ya taɓa jin kukumar Hassan Wayam ya san yadda take kuka kamar mutum. Jita 'yar gidan farko ce. Mu kuma so muke ta yi halin 'yan gida na biyu.

Kofa ya ce akwai abin da ake yi wa wannan, sunansa fedar obadiraif. Feda ake ce mata domin da ƙafa ake kunna ta, tunda hannu biyu duk suna kan jita. Ana haɗa ta tsakanin jita da amfilifaya. Shi ba shi da ita, ta ƙungiyar da yake yi wa kiɗa a garinsu yake amfani da ita a da. Mun gwada ƙure ƙarar amfilifayar ko za ta ja sautin, amma sai sifikar ta fara kwarkwar kamar tsohuwar rediyo, har maigadi ya leƙo.

Malamin kimiyya ne ya warware mana yadda abin yake aiki. Ya ce irin wannan jitar ba ta da ƙoƙon da zai ƙara mata amo kamar garaya, katako ne curarre. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, ana kiransa fikof. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne. Idan ɗaya ta girgiza a saman maganaɗisun, sai wata 'yar ƙaramar wuta ta tashi a cikin wayar, tana hawa tana sauka daidai da girgizar. Misali, tsirkiya ta biyar, in an saita ta daidai, tana kai da komowa sau 110 a daƙiƙa ɗaya, wutar ma haka take yi. Amfilifaya ce take ƙara wa wutar ƙarfi, sifika kuma ta mayar da ita sauti.

Sai ya zana mana tudu da kwari a allo, manya daga farko, suna ƙanƙancewa har suka koma miƙaƙƙen layi. Ya ce mutuwar sautin ke nan. Daga nan ya ja layi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya goge duk abin da ya haura su. Da ya ga ba mu gane ba, sai ya ce mu tuna da mai awo a kasuwa. Idan ya zuba gero a mudu ya yi tozo, ya sa hannu ya share, to ko tozon babba ne ko ƙarami, bayan an share duk daidai suke da bakin mudu. Haka fedar take yi. Da farko tana ninka ƙarfin wutar sau da yawa, sannan ta share kan tudun. Lokacin da aka taɓa tsirkiya tozon babba ne, sai a share da yawa. Da tsirkiyar ta fara gajiya tozon yana raguwa, amma har yanzu mudun a cike yake, saboda haka kunne yana jin ƙarar ba ta canza ba. Sai girgizar ta yi rauni sosai, ta kasa cika mudun, sannan a ji sautin ya fara tafiya. Wasu ƙananan abubuwa masu suna dayod ne suke yin sharewar, kowannensu bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kuma da yake sharewar tana canza siffar tudun, wasu sautuka sirara suna hawa kan na asali, shi ne ake jin muryar ta yi kauri.

A nan ne muka koyi abin da ya fi yi mana amfani a kasuwa, wato fedojin nan iri uku ne. Idan an share kan tudun a hankali, gefensa ya zauna a lanƙwashe, wannan shi ne obadiraif. Idan an datse shi kamar da wuƙa, shi ne distoshan, mai kaushi da faɗa. Idan kuwa an datse shi har ya kusa zama murabba'i, shi ne foz, mai ƙara kamar zuma ta shiga gwangwani. Kamar yaji ne a miya. Akwai wanda yake fito da ɗanɗano, akwai wanda yake sa gumi, akwai wanda ba ka jin komai sai shi. Mu na farkon muke nema.

Wani abin mamaki shi ne, masu ƙera amfilifaya tun farko gudun wannan sauti suke yi, a wurinsu lalacewa ce. Amfilifayoyin da suna aiki ne da wasu kwalabe masu zafi irin na rediyon kakanninmu. In an ƙure su sai su kasa ɗaukar wutar, su fara share kan tudun da kansu, kuma a hankali suke sharewa. Makaɗan Amurka suka ji abin ya yi musu daɗi. A shekarar 1951 aka ɗauki wata waƙa mai suna Rocket 88 a birnin Memfis, kuma ana ba da labarin cewa amfilifayar mai jitar, Willie Kizart, ta lalace ne a hanya, aka cusa mata takarda aka yi aikin haka nan. Waƙar ta karɓu ƙwarai. A 1962 kamfanin Gibson ya fito da fedar foz mai suna Maestro. Ita kuwa obadiraif daga Japan ta yi suna. Kamfanin Boss ya fito da OD-1, mai launin rawaya, a 1977. A 1979 kuma Ibanez ya fito da koriyar nan mai suna Tube Screamer. Manufarsu ita ce a samu irin muryar kwalaben nan ba tare da an ƙure ƙara an dami maƙwabta ba. Har yau kamfanoni da yawa suna kwaikwayon waɗannan biyun.

Da Kofa yake ba mu wannan tarihi, sai wani daga cikinmu, wanda kakansa maharbi ne, ya ce ai mu ma mun daɗe da sanin haka. Masu garaya suna maƙala wani ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandarta, ana ce masa ceba, don ya riƙa zuza tare da tsirkiya. Ashe ba Turawa kaɗai ne suka ga sauti tsantsa ya yi musu salam ba.

Kafin mu nemi kuɗi, sai da muka tsaya muka san muryar da muke nema. Kofa ya riƙa kunna mana kiɗa a wayarsa. Mun ji Carlos Santana, wanda aka haifa a Meziko a 1947. Yakan riƙe sauti ɗaya ya daɗe, sumul, har ka zaci algaita ce. Mun ji B.B. King na Amurka, wanda ya raɗa wa jitarsa suna Lucille. Shi ba ya yawan taɓawa, amma duk wadda ya taɓa sai ya girgiza ta da yatsa ta yi rawar murya. A 2015 ya rasu, shekara ɗaya da Ɗan Maraya Jos. Sannan muka ji na kusa da mu, makaɗan Buzaye na Nijar. Akwai Bombino na Agadas, wanda a 2019 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar kyautar Grammy. Akwai kuma Mdou Moctar, bahago, wanda labarinsa ya fi ƙarfafa mana gwiwa. Da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, ya yi tsirkiyoyin da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a 2008, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. Yanzu yana kiɗa a Turai da Amurka. Bayan mun saurare su duka muka jefa ƙuri'a. Mutum goma suka zaɓi irin muryar Santana, domin ita ta fi dacewa da taken makaranta.

Sai maganar kuɗi. Muka yanke kowa ya riƙa kawo naira 200 duk Juma'a daga kuɗin tara. Mun san ba kowa ne zai iya ba duk mako, don haka muka yi doka cewa ma'aji kaɗai zai san wanda ya kawo da wanda bai kawo ba, kuma ba a kiran suna. Akwai waɗanda suka yini da ruwa kawai ranar Juma'a. Akwai wadda take taya mahaifiyarta suyar awara da yamma, daga ladanta take cirewa. A cikin mako 7 muka tara naira 17,400. Kofa ya ɗora mana 5,000 daga alawus ɗinsa, ya zama 22,400.

Ranar da aka ƙirga kuɗin, Kofa ya nuna mana hoton wata feda mai suna Klon Centaur. Wani Ba'amurke mai suna Bill Finnegan ne ya fara haɗa ta da hannu a 1994, guda wajen 8,000 kawai ya yi, har ya shafe kayan cikin da baƙin danƙo don kada a kwaikwaya. Yanzu tsohuwarta ma dubban daloli ake sayar da ita. Muka kalli hoton, muka kalli ledar kuɗinmu, kowa ya fashe da dariya.

Ranar Asabar ta hutun rabin zango mutum uku suka wakilce mu, bayan iyayensu sun sa hannu a takardar izini. Suka shiga A Daidaita Sahu tare da Kofa zuwa Sabon Gari. Jitar da 'yar amfilifayar duk aka tafi da su, duk da nauyinsu. Dalili kuwa, amfilifayar shago babba ce, kowace feda aka haɗa mata daɗi za ta yi, mu kuma da tamu za mu zauna. Mun kuma rubuta gwaji huɗu a takarda tun daga makaranta. Na ɗaya, a taɓa sauti ɗaya a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi da agogon waya. Na biyu, a taɓa a hankali sannan a taɓa da ƙarfi, a ji ko fedar ta san bambanci. Na uku, a rage mamurɗin ƙara na jikin jitar, a ji ko sautin zai koma fes. Na huɗu, a dafe tsirkiyoyi a yi shiru, a ji yawan huci da take yi ita kaɗai. Ba tare da feda ba, sautinmu daƙiƙa 4 yake yi kafin ya ɓace.

A shagon farko mai shagon ya ɗauko wata baƙa, ya ce ita samari suke saye. Ta ja sautin har daƙiƙa 11, amma kamar injin markaɗe. Ko a hankali aka taɓa ko da ƙarfi, ihu ɗaya take yi. Distoshan ce. Muka yi godiya muka fita. A shago na biyu aka nuna mana wata babba mai allo da fitilu, wadda aka ce tana da sauti fiye da ɗari, kuɗinta ya ninka namu sau da yawa. A nan muka ga Boss SD-1 sabuwa, rawaya, ƙanwar OD-1 ɗin nan, wadda aka fara yi a 1981. Mai shagon ya yarda muka gwada. Ta ci gwaji huɗun duka. Da aka faɗi kuɗinta, sai muka naɗe wayarmu a hankali.

Rana ta take lokacin da wani mai sayar da batir ya kwatanta mana rumfar wani tsoho mai gyaran rediyo da amfilifaya, wanda yake sayar da kayan hannu. Muka gaishe shi, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "'Yan makaranta, me kuke so ta yi, kuka ko ihu?" Muka ce, "Baba, so muke ta yi kamar goge." Ya yi dariya, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi, ya fito da koren akwatin nan. Ƙirar Sin ce, kwaikwayon Tube Screamer. Fentinta ya kankare, wayar batirinta ta tsinke, mamurɗi ɗaya kuma yana ƙarar yashi in an murɗa. A gabanmu ya liƙe wayar da dalma, ya fesa wa mamurɗin mai, ya sa batir. Aka taɓa, muka ƙirga, daƙiƙa 8. Da aka taɓa a hankali ta yi laushi, da aka taɓa da ƙarfi ta ɗan yi gurnani. Da aka rage ƙarar jitar ta koma fes. Hucinta kaɗan ne.

Ya ce 22,000. Kofa ya taya 15,000, ya ce albarka. Muka tsaya cirko-cirko, domin in mun ba da abin da ya faɗa, ko kuɗin komawa gida ba za mu samu ba. Sai ma'ajinmu ta buɗe ledar, ya ga tsofaffin naira ɗari-ɗari da hamsin-hamsin a ɗaure da roba. Ya tambaya daga ina, muka gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku kawo sha takwas. In ta yi muku gardama ku dawo da ita, gyara kyauta." Da za mu tafi ya ƙara da cewa, "Ku rage mata wuta, yara. Duk wanda ya saya sai ya ƙure ta, sannan ya dawo ya ce ba ta da daɗi."

Ga lissafin kamar yadda yake a littafin kulob: feda 18,000, gajeriyar wayar haɗi 2,000, batir biyu 1,000, kuɗin mota 1,000. Saura 400, suna wurin ma'aji. Duk ɗan kulob da yake son gani, littafin a buɗe yake.

Samun fedar rabin aiki ne, sauran rabin saiti ne, kuma ya ci mana mako biyu. Tana da mamurɗai uku. Wanda aka rubuta wa Drive shi ne yawan ninkawar, wato girman tozon. Wanda aka rubuta wa Tone shi yake sa murya ta yi tsini ko ta yi laushi. Wanda aka rubuta wa Level kuma yawan ƙarar da za ta fita ne. In ka ɗauki kowanne kamar fuskar agogo, mu na farkon a ƙarfe goma muke ajiye shi, na biyu a ƙarfe goma sha ɗaya, na uku a ƙarfe biyu. Mun ɗiga farin fenti a wuraren don kada a manta. A jikin jitar kuma muna zaɓar fikof na kusa da wuya, domin a nan tsirkiya ta fi sakewa, muryarta ta fi zagaye. Na kusa da gindi tsini gare shi. Sannan muna rage mamurɗin laushi na jitar zuwa rabi. Irin wannan koriyar feda tana rage gurnanin ƙasa, tana turo sautin tsakiya gaba, inda muryar mutum ta fi zama. Shi ya sa ko ɗalibai suna rerawa ana jin jitar a cikinsu, ba ta nutsewa.

Akwai kuma abin da fedar ba ta iya yi, sai yatsa. Sautin da aka riƙe daƙiƙa takwas ba motsi, kamar odar mota yake. Dole yatsan da ya danne tsirkiya ya riƙa girgiza ta kaɗan-kaɗan, daidai wa daida, irin na B.B. King. Wannan ya fi komai wuya, kuma shi ya sa kuke ganin kan yatsunmu ya yi kanta. Haka nan fedar ba ta zaɓe, duk abin da ya shigo ninka shi take yi. In wata tsirkiya ta motsa ba da niyya ba, kowa sai ya ji. Saboda haka muka koyi kwantar da gefen tafin hannu a kan waɗanda ba a kaɗawa. In jitar ba ta saitu ba, da can ana iya wucewa ba a lura ba, yanzu kuwa kuskuren ma daƙiƙa takwas yake yi. Zuwa yanzu wadda ta fi kowa iya rawar yatsa 'yar aji biyu ce, kuma ita muka zaɓa ta riƙe jitar ranar taro.

Muna da roƙo ga masu shiga ɗakin taro. Fedar da batir mai bolt 9 take aiki, ɗan murabba'in nan. Muddin wayar jita tana soke a jikinta, batirin yana ci ko ba a taka ta ba, don haka in kun ga an zare wayar, da gangan ne, kada a mayar. Kuma don Allah kada wanda ya soka mata caja ko adaftar da ya tsinta. Irin waɗannan fedoji suna son adaftar da tsakiyar bakinta negatif ne, yawancin na gida kuwa akasin haka suke, suna iya ƙona ta. Mu ma batir muka fi so, domin wutar soket tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma adafta mai arha takan bar wannan gunjin ya shiga cikin kiɗa, balle in janareta aka tayar.

Ranar Alhamis da ta wuce shugaban makaranta ya dawo. Muka kaɗa masa taken, 'yan kulob goma sha uku suna rerawa, jita tana binsu har ƙarshen kowane layi. Ya ce a sake. Muka sake. Sannan ya ce ya ba mu minti biyar ɗin, amma da sharaɗi: duk wanda ya faɗi lissafi ko Turanci a jarrabawar wannan zango ba zai hau dandamali ba. Mun karɓa. Dama muna da dokar ajiye jita da an kira sallar La'asar, yanzu mun ƙara rabin awa na bitar lissafi kafin a buɗe jakarta. Muna faɗar wannan ne saboda mun ji wasu suna cewa kiɗa shashanci ne, zai hana mu karatu. Mu dai a dalilin akwatin nan muka san maganaɗisu da dayod da bolt, muka kuma iya riƙe littafin kuɗi. Sakamako zai fito, kowa zai gani a allon sanarwa.

Yanzu ga maganar da muka ce muna so kowa ya ji. Bautar ƙasa shekara ɗaya ce. Kofa zai kai ranar rabon kyaututtuka tare da mu in Allah Ya so, amma a zangon farko na shekara mai zuwa zai gama ya koma garinsu. Jitar tasa ce, amfilifayar ma tasa ce, da su yake neman abinci, ba za mu ce ya bar mana ba. Fedar kaɗai ce ta makaranta. Ita kuwa feda ba jita, ko ƙis ba ta cewa. In ba a yi wani abu ba, akwatin da muka yini da yunwa muka saya zai koma durowar ofis, 'yan aji ɗaya guda tara da suka riga suka rubuta suna kuma ba za su samu abin taɓawa ba.

Mun tambaya a Sabon Gari, akwai jita ta hannu da ƙaramar amfilifaya, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin kuɗin tara ko da za mu shekara muna tarawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon malamanmu su kai wannan magana taron iyaye da malamai na ƙarshen zango. Muna roƙon duk ɗalibin da yake da yaya ko kawu a cikin tsofaffin ɗaliban makarantar nan ya ba shi labari. Mu kuma mun ci gaba da karo-karonmu na Juma'a, kuma Kofa ya yi alkawarin koya wa mutum biyu yadda ake saita tsirkiya da canza ta kafin ya tafi, don su koya wa na baya.

Wanda har yanzu yake ganin rediyo ne a cikin akwatin, ya zo ɗakin taro ranar Talata da ƙarfe biyu da rabi. Za mu ba shi jitar ya taɓa da hannunsa, ya taka da ƙafarsa, ya ƙirga da kansa. A zo da littafin lissafi.



Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin 'yan kulob ɗin kiɗa.